Ɗanasabe Ya Kori Cima-zaunen Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a teburin shayin Ubale da ke bakin kasuwar Tiga ya san Ɗanasabe, ko yana so ko ba ya so. Shagonsa na cajin waya yana jingine da teburin, kuma muryarsa ta fi ta janaretansa ƙara. A saman ƙofa ya sa an rubuta da shuɗin fenti: Injiniya Ɗanasabe, Likitan Waya da Kwamfuta. Asalin injiniyancin kuwa, wata waya ce ta taɓa faɗawa ruwa, ya tura ta cikin buhun shinkafa ya manta da ita, bayan kwana uku aka ciro ta ta kama. Tun daga ranar ya daina amsa sallamar wanda bai ce masa Injiniya ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi sai ga Malam Sharif, tsohon hedimasta, rungume da kwamfutar hannu a cikin tsohuwar jaka. Shi ne sakataren ƙungiyar mutanen Rafin Ɗinya, wato zuri'ar ƙauyen da ruwan dam ya shanye tun zamanin kakanni. Duk shekara sukan taru, na Kiru da na Bebeji da na Doguwa, a gaisa a ci abinci. Bana akwai abu na musamman. Shekara goma sha biyu da suka wuce Malam Sharif ya bi tsofaffin da suka san ƙauyen da idonsu, ya ɗauke su a bidiyo suna ba da labari. Yanzu duk sun rasu. Ranar Asabar za a haska bidiyon a majigi, a ajin firamare, kowa ya ga nasa.

Bayan sun gaisa Malam Sharif ya ce, "Caji kawai za ka sa mini, kwana uku ba mu da wuta. 'Yata Juwairiyya ce mai kula da ita, ta tafi taron malamai a Tudun Wada, sai Asabar za ta dawo. Ta ce kada a taɓa komai."

"Ranka ya daɗe, tana nauyi ne wajen buɗewa?"

"Takan ɗan yi jinkiri, amma tana aikinta."

"Shi ke nan, ka zo gidan magani."

"Caji na ce, Ɗanasabe."

"Caji za a yi, Malam."

Malam Sharif bai kai kwanar masallaci ba Ɗanasabe ya buɗe kwamfutar. Lissafinsa a fili yake. Idan ya sa ta yi gudu, ranar Asabar ya haska bidiyo a gaban mutanen ƙananan hukumomi uku, to duk wani biki da taro daga Bebeji har Doguwa shi za a riƙa kira. Har ya fara tunanin irin babur ɗin da ya dace da mutum mai irin wannan matsayi.

Ya yi ta danne-danne har ya faɗa wani shafi da ke jera duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar. Manhajar kallon bidiyo a rufe take, amma ga wasu ƙananan abubuwa masu ɗauke da sunanta, suna nan a jere. Ɗaya sunansa ya ƙare da kalmar Turanci mai nufin mataimaki, wani mai hidima, wani mai sabuntawa. Ya bi su har ɗakin da aka ajiye su, ya tarar da wasu 'yan'uwansu masu baƙin suna.

Ya ƙwala kira, "Ubale! Zo ka ga ɓarayi!"

Ubale ya leƙo da ludayin shayi a hannu. "Ina suke?"

"Ga su. Ba a kallon komai, amma suna zaune suna shan jinin kwamfuta. Cima-zaune ne. Wannan mataimaki ne wai. Wa yake taimaka wa? Ka gan shi yana wani aiki?"

"Ni ban san aikinsa ba. Kai ka sani?"

"Na san ba shi da shi."

"To kira mai ita ka tambaya."

Don ya kunyata Ubale, Ɗanasabe ya nemo lambar Juwairiyya, 'yar Malam Sharif, wadda ke koyar da kwamfuta a sakandaren 'yan mata ta Kiru. Ya buɗe muryar wayar yadda duk masu shan shayi za su ji.

"Malama, Injiniya ne. Na gano cutar da ke damun kwamfutar Baba. Wasu 'yan zaman banza ne suka maƙale wa manhajar bidiyo."

Ta ce, "Malam Ɗanasabe, don girman Allah kada ka taɓa su. Tare suka zo da manhajar. Shi bidiyo a ƙunshe yake kamar ƙullin kaya. Akwai wanda aikinsa ya kwance hoton, akwai mai kwance sauti, akwai mai fito da rubutun fassara a ƙasa, akwai mai daidaita hoton da na'urar da za ta haska shi. Manhajar da kake gani ita ce mai miƙo kwano a gaban baƙi. Su kuma su ne a bayan gida wajen murhu."

"To me suke yi a zaune alhali ba a girki?"

"Wasunsu jira suke a kira su, don kada a ɓata lokaci. Mai sabuntawar nan shi ke duba ko an fito da gyara. Shi kam ko an hana shi tashi tare da kwamfuta ba laifi, amma ba gogewa ba. Sauran kuwa..."

"Kun ji ko?" Ɗanasabe ya juya ga jama'a. "Ita ma ta ce ba laifi." Ya kashe wayar.

Ubale ya ce, "Ɗaya ta ce."

"Ta faɗi ɗaya ne don kunya. Malamai ba sa son a ce an riga su gani."

Ya zaɓe su duka ya danna gogewa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya dubi jama'a cikin ɓacin rai. "Ni take tambaya ko na tabbata!" Ya danna e. Ta sake gargaɗinsa cewa wata manhaja na iya daina aiki. Ya ce, "Barazana ce." Ya sake dannawa. Sannan ya buɗe manhajar bidiyon, ta buɗe fayau nan take, babu komai a cikinta.

"Kun ga gudu?"

"Sa bidiyon mu gani," in ji Ubale.

"Aikina ba ya buƙatar gwaji. Ranar Asabar ka zo da idonka."

Da yamma da Malam Sharif ya zo ɗauka, Ɗanasabe ya ce masa caji ya cika, kuma shi da kansa zai zo ya haɗa majigi, fi sabilillahi. Malam Sharif ya yi ta sa masa albarka.

Ranar Asabar bayan azahar ajin ya cika har bakin ƙofa. An toshe tagogi da tabarmi don duhu ya samu, zafi ya taru, mata na fifita da gefen mayafi. A sahun gaba aka ajiye wa Inna Mairama kujera. Ita ce matar marigayi Baba Isyaku, wanda ya fi kowa dogon bayani a bidiyon. Daga Doguwa jikokinta suka ɗauko ta a mota, ƙafa duk ta kumbura, don ta ce ko a kan gado ne sai ta zo ta ji muryarsa.

Ɗanasabe ya iso cikin babbar riga da tabarau baƙi, a cikin ɗakin da ko da ido tsirara da ƙyar ake gani. Ya yi tuntuɓe da wayar janareta, ya miƙe, ya karɓi makirufo.

"Jama'a, kafin mu fara, ku sani wannan kwamfuta da kuke gani, jiya-jiyan nan gurguwa ce. Ni na tashe ta."

Malam Sharif ya ɗago kai. "Ka yi mata me?"

"Ƙaramin aiki, Malam. Bismillah."

Ya danna. Bango ya yi baƙi ƙirin. Aka jira. Wani yaro ya yi kuka, aka lallashe shi. Bango na nan baƙi.

Daga baya Ubale ya ce, "Da daddare aka ɗauka ne?"

Aka yi dariya. Ɗanasabe ya ce majigin ne bai yi ɗumi ba. Ya cire tabarau, ya sunkuya, gumi na ɗiga a kan madannai. A kwandon sharar kwamfutar ya tarar da waɗanda ya kora, jere da sunayensu da ba ya iya bambancewa. Ya rufe ido ya dawo da ɗaya. Ya sake dannawa.

Sai ga Baba Isyaku a bango, zaune a kan tabarma, da rawaninsa da sandarsa. Kore shar, tun daga rawani har gemu, kamar ganyen alayyafo.

Inna Mairama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ko a ciwon ajalinsa bai yi wannan launin ba!"

"Inna, hasken wancan zamanin ne," in ji Ɗanasabe.

Malam Sharif ya ce, "Wane zamani? Makon jiya na kalle shi, da farar rigarsa."

Ɗanasabe ya dawo da wani. Launi ya gyaru, aka yi hamdala. Baba Isyaku ya buɗe baki ya fara magana, hannu na tafiya, kai na gyaɗawa. Ko tari ba a ji. Ɗanasabe ya murɗa lasifika har ƙarshe, ba ta ba da komai ba sai wani dogon kuka da ya sa tsofaffi toshe kunne.

A nan ne mai hankali zai ce a yi haƙuri a jira Juwairiyya. Ɗanasabe kuwa gyaran murya ya yi.

"Jama'a, ba matsala. Cikin karatun da muka yi har da karanta leɓe. Abin da Baba ya faɗa, ni zan faɗa muku."

Ya tsaya a gefen bango, inuwar hularsa ta rufe rabin fuskar marigayin, ya shaƙe murya irin ta tsofaffi.

"Yana cewa, assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina. Yana cewa, ina gaida kowa da kowa, musamman Injiniya Ɗanasabe."

Ubale ya ce, "Lokacin da aka ɗauki wannan rake kake sayarwa a tasha."

"Tsofaffi suna da hangen nesa. Ku yi shiru. Yana cewa, babu abin da na fi so a duniya irin kifin dam ɗin nan, a soya shi da yaji..."

Inna Mairama ta buga sandarta a ƙasa. "Ƙarya kake, ɗan nan! Marigayi har ya koma ga Allah bai sa kifin ruwan nan a bakinsa ba. Cewa yake kifin a gonarsa yake kiwo, ba zai ci ɓarawon dawarsa ba!"

"To, Inna, ai shi ne yake cewa yana so amma ba ya ci."

Hoto ya sauya. Ga wani dattijon Bafulatani da malafa, wanda a da yake kiwo a bayan ƙauyen. Da Fulatanci ya yi bayaninsa, shi ya sa Juwairiyya ta sa fassara a ƙasan hoton. Yanzu a wurin fassarar sai wasu ƙananan akwatuna a jere, fanko.

Ɗanasabe bai ko tsaya ba. "Arɗo yana cewa, mu Fulani mun gode wa manoman Rafin Ɗinya, kuma duk ɓarnar da shanunmu suka yi, laifinmu ne."

Wani dogon mutum ya miƙe daga tsakiya. "Mahaifina ne wannan. Ni ma ina ganin bakinsa. Sunayen shanunsa yake lissafawa. Yaushe ka koyi Fulatanci?"

"Leɓe ba shi da yare."

Kafin a gama wannan, Baba Isyaku ya dawo bango, yana nuni da sanda zuwa gabas, yana zana wani abu a ƙasa. Ɗanasabe, don ya janye hankalin mutane daga ɗan Arɗo, ya ɗaga murya.

"Yauwa! Ga muhimmin wuri. Yana cewa, gonar nan ta gindin tsamiya, kowa ya sani, ta gidan Liman ce."

Ɗanasabe bai san cewa a kan wannan gonar gidan Liman da gidan Sarkin Noma suka shekara ashirin ba sa gaisawa ba, sai da ruwa ya zo ya raba gardamar. Wani tsoho daga gidan Sarkin Noma ya miƙe. "Wallahi Isyaku ba zai faɗi haka ba! Kakana ne ya sare dajin!" Na gidan Liman suka ce ga shaida daga bakin mamaci, me kuma ake jira. Aka tashi tsaye. Hula ta faɗi. Wani na cewa a kawo takarda, wani na cewa a je gaban mai gari. Ubale ya hau benci yana ihu, "Jama'a, gonar nan shekara hamsin tana ƙarƙashin ruwa! Wanda ya ci shari'ar da me zai nome ta, da komar kamun kifi?"

Ɗanasabe ya ruga wajen kwamfuta don ya wuce wannan wurin. Ya danna nan, ya danna can, ya haɗa maɓallai uku ya danna. Hoto ya tsaya, ya ɓace. Wani ɗan rubutu ya fito a tsakiyar bango. Malam Sharif ya matsa, ya gyara tabaransa, ya karanta a hankali. Sai ya zauna a kan benci.

"Ta ce ba za ta iya buɗe shi ba. Wai ko ya lalace." Ya dubi Ɗanasabe. "Ba ni da wani. Wanda na ajiye a faifai ya daɗe da karcewa. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, Ɗanasabe. Babu ko ɗaya da zan iya komawa in sake tambaya."

Rigimar gona ta mutu nan take. Inna Mairama ba ta yi faɗa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Shekara tara ban ji muryarsa ba. Na ce ko sau ɗaya."

Babu wanda ya yi dariya. Ɗanasabe ya ji babbar rigar ta yi masa nauyi. Ya ce bari ya duba janareta, ya lallaɓa ta bayan majigi, ya ga ƙofa a cike, sai ya nufi taga. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ƙetara, rigar ta kama ƙusa, tabarma ta suɓuce ta rufto masa a ka, rana ta shigo ɗakin gaba ɗaya. Yana nan rabi ciki rabi waje, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya daidai gabansa. Juwairiyya ta sauko da jakarta.

Ta dube shi. "Malam Ɗanasabe, ka goge su ko?"

"Wasu na dawo da su."

"Koma ciki."

Ya koma ta inda ya fito. Ta gaida iyaye, ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta zauna gaban kwamfutar. Minti biyu ta ɗago. "Baba, kwantar da hankalinka. Bidiyon lafiyarsa ƙalau. Masu buɗe shi ne babu, waɗanda ya dawo da su ma ba a mazauninsu suke ba. Zan sauko da manhajar sabuwa, za ta zo da mutanenta cif."

Sai dai sabis a ajin nan ba ya kamawa sai a sama, kusa da rufin kwano. Juwairiyya ta haɗa wayarta da kwamfutar, ta miƙa wa Ɗanasabe. "Hau tebur. Ɗaga hannu. Ƙara. Kada ka motsa."

Haka Injiniya ya tsaya a kan teburin malami, cikin yagaggiyar babbar riga, hannu a sama, zafin kwano na gasa masa kai, mutum sama da ɗari na kallonsa. Duk sanda hannun ya fara sauka, sai yara su haɗa baki, "Ɗaga!" Ubale ya ce a bar shi a nan har taron baɗi, tunda an samo aikin da ya iya.

Da aka gama, aka mayar da tabarma, Juwairiyya ta danna. Baba Isyaku ya fito da farar rigarsa, ya yi tari, ya ce, "Bismillahi. Sharifu, abin naka ya fara ɗauka?"

Inna Mairama ta saki wani sauti, ba kuka ba, ba dariya ba. Jikarta ta riƙe mata hannu. Aka yi shiru ana saurare. Baba Isyaku ya faɗi rijiyoyin ƙauyen da sunayensu, da ranar da aka kwashe kaya a kan jakuna, da yadda mata suka tsaya a kan tudu suna kallon ruwa na hawa katangar masallaci. Da ya zo nuni da sanda gabas, ashe hanyar makabarta yake kwatantawa. Tsamiya ko ambatonta bai yi ba. Tsofaffin gidan Liman da na Sarkin Noma kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

Can Baba Isyaku ya yi murmushi a bango. "Amma wanda ba zan manta ba shi ne Ɗantani. Ka san shi ai, kakan yaron nan mai sayar da rake a tasha."

Kai ɗari suka juya wajen Ɗanasabe.

"Da ma'aikata suka ce kowa ya tashi, Ɗantani ya ce su ba su san ruwa ba, shi ya san shi. Ya ɗauki fartanya ya kewaye gidansa da kunya irin ta gona, tsayin gwiwa. Ya ce in ruwa ya ƙetare wannan a canza masa suna. Muka yi, muka yi, ya ƙi. Bayan kwana tara muka koma da kwale-kwale, muka tarar da shi a kan rumbu, rungume da zakara, yana yi wa ruwa faɗa wai ya biyo ta inda ba a yi da shi ba."

Ajin ya fashe. Malam Sharif na share hawaye, ɗan Arɗo ya riƙe ciki, Ubale ya faɗo daga benci. Sai da Juwairiyya ta tsayar da bidiyon aka numfasa.

Ɗanasabe ya gyara abin da ya rage na rigarsa, ya ɗaga kai. "To kun dai ji da kunnenku. Tun kafin a san boko a ƙasar nan gidanmu ke aikin injiniya. Gado na yi."

Inna Mairama ta goge ido da gefen mayafi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Gado kam ka yi, ɗan nan, ba wanda zai yi maka gardama. Sai dai shi kakanka zakara ɗaya ya wahalar. Zauna a ƙasa ka rufe bakinka, marigayi bai gama magana ba."

Ya zauna.